Yatsan Yaya

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya marasa lafiyarku? Mu nan alhamdu lillahi. Saƙonki ya iso ta hannun direba, magunguna da ƙwallon robar nan na matsawa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Kar ki ce me ya kawo takarda alhali kullum muna waya. Yaya, hannun Umma ne ya shanye, kunnenta ras yake. Ko a bayan ɗaki na tsaya ina raɗa, ina dawowa za ta ce, "Me kika ce wa yayarki?" Shi ya sa duk abin da kike ji a waya "da sauƙi" ne kawai. Yau dai ga gaskiyar.

Ƙafa ta taka, baki ya sake, har faɗa ya dawo. Hannun dama ne ya ƙi, ko in ce ita ta ƙi shi. Kullum yana ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata, komai da hagu take yi. Likitar nan mai zuwa motsa mata gaɓɓai, wadda Umma ta laƙaba wa Malama Matse-Saki, ta ja ni gefe ta ce in watannin nan suka wuce ba ta aiki da yatsun, za su ƙage, in kuwa suka ƙage shi ke nan. Ƙwallon da kika aiko Umma ta juya shi ta ce ita ba kyanwa ba ce. Tsintar wake daga wannan faranti zuwa wancan ma ta ce ba a haifi mai sa ta ba. Matar da ta yi shekara talatin tana zura zare a allura ba tabarau! Ranar ɗakin ɗinki na shiga, na rufe ƙofa, na yi kukana na ƙoshi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da hantsi ina gyara durowar keken ɗinki na ci karo da wata tsohuwar kwalbar jan farce, tawa ce tun ina makaranta. Na zauna yanke wa Umma farce, sai tsokana ta motsa mini, na hau shafa mata a hannun daman, tunda shi ba ya gudu. Ta ce, "Ke Auta, ba ki da aikin yi ne?" amma ta bar ni. Na gama biyar ke nan sai ga wata mata da na ɓata wa wuyan riga tana sallama. Na fita, muka yi ta awo da ban haƙuri kusan rabin awa.

Na dawo, me zan gani? Umma ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyinta, burushi a hannun dama, tana shafa wa hagu. Yaya, hannun dama! Ja ya ɓata har gaɓa, ya ɗiga a zani, ya ɗiga a tabarma. Na ƙame a bakin ƙofa. Ta ɗago ta harare ni ta ce, "Wa kika taɓa gani ya sa wa riga hannu ɗaya ya bar ɗaya? Ke aikinki kullum rabi." Kin san ta da abin da bai daidaita ba. Kuma ba yadda za a yi hagu ya shafa wa kansa, dole sai dama ya tashi.

Matsalar kawai, da azahar ta yi sai da muka sha wuya kafin ya gogu ta yi alwala, warin abin gogewar kuma ya sa mata ciwon kai. Kwalbar ma ta tsufa ta yi kauri. Don Allah in akwai mai kyau a wajenku ki aiko mana.

Umma na gaishe ki, tana tambayar yaushe za ki zo. Wata huɗu ke nan fa tun da aka sallame ta daga asibiti kika koma.

Taki,
Auta

Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau uku. Na gode da kika faɗa mini gaskiya. Na san nauyin duka a kanki yake, Allah ya ba ki lada.

Ga kwalba huɗu nan. Mai shagon ta ce su ne mafi inganci, suna yin sati biyu ba su ɓare ba. Ni ban san kansu ba, kin san mu ma'aikatan jinya an hana mu sa jan farce a wurin aiki, shekarata goma sha ɗaya rabona da shi. Na zaɓi launuka masu natsuwa saboda shekarunta: ruwan toka biyu, ruwan ƙasa ɗaya, da wani mai kama da madara.

Ki kula da abu uku. Ki buɗe taga duk lokacin da za ku shafa. Kar ki bari ta wuce minti goma sha biyar, in hannun ya fara rawa ta huta. Kuma ki sanar da likitarta kafin ku mai da shi na kullum. Kar ki sa rai da yawa, Auta. Na ga irin wannan sau da dama, wani ya yi abu yau, gobe ya kasa. Ba don in kashe miki gwiwa nake faɗa ba.

Maganar zuwa, an rage mu a ɗakin da nake, aiki ya yi yawa. Zan duba. Ki gaida Umma da kyau, ki ce ina yi mata addu'a.

Yayarki

Ranar Laraba

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ya gajiyar aiki? Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Amma ki shirya, zan faɗa miki yadda aka karɓe shi ba ragi.

Umma ta jera kwalabenki a kan tire, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yayarki ta ɗauka bango za mu shafe?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban da launi ma, murfinsu siriri ne mai santsi, yana zamewa daga yatsunta. Sannan wannan sati biyun da mai shagonku ke yabo, mu nan shi ne aibinsa. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana ina shi ina abin da ya ƙi fita?

Sai na ce mu je mu zaɓa da kanmu, ina jiran ta ƙi. Kawai na ga ta jawo takalmi. Yaya, wannan ce fitarta ta farko da ba asibiti ba. Muka taka a hankali har shagon kayan kwalliyar da ke kusa da kantin magani. Mai shagon, Allah ya yi mata albarka, ko sau ɗaya ba ta kalli hannun da kallon tausayi ba. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Ai sai ku ɗauki mai ɓaruwa." Ashe akwai wani iri na ruwa, ba shi da wari, in ya bushe sai ki kama gefensa ki ɓare shi kamar bawon dafaffen ƙwai, farce ya fito tas. Ta zaɓo mana masu ƙaton murfi da faffaɗan burushi, ta kuma naɗe kowane murfi da robar ɗaure gashi don ya riƙu. Dabararta ce wannan, ba wanda ya roƙe ta.

Wajen launi kuwa ba wanda ya isa ya sa baki. Yadda Umma ke zaɓen zare haka ta yi: ta ɗauki kwalba ta kai bakin ƙofa wurin haske, ta ɗora a bayan hannunta, ta karkata kai, ta mayar. Sai da ta sa aka sauke kusan rabin kanta. A ƙarshe ja, fari, ruwan hoda da ruwan bula muka taho da su.

Yanzu ga tsarinmu. Bayan karin kumallo in buɗe taga kamar yadda kika ce, in shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tire. Ni in shafa mata dama, in miƙe in ce ina da aiki. Ta san ƙarya nake, na san ta sani. Ita kuma ta yi hagu. Shafi uku ne kowane farce, tsakiya, gefe, gefe. In ya haura kan fata sai a naɗa auduga a tsinken sakace a share. Kafin azahar ta ɓare abinta da babban yatsa da manuniya, gobe a sake sabo. Kin ga alwalar da na ɗauka matsala ce, ita ce ta sa kullum sai an yi aiki.

Malama Matse-Saki ta tarar da ita tana ɓarewa, ta buɗe baki za ta ce ai wannan shi ne tsintar waken da aka ƙi. Na take mata ƙafa da sauri, ta mai da shi tari. Da za ta tafi ta riƙe hannuna a ƙofa ta ce mu ci gaba, kar mu fasa ko na kwana ɗaya.

Kwalabenki ma ba su yi asara ba. Da su Umma ke gwaji a kan maɓallai, tana koyon ɗigo da tsinke. Ta tsoma bakin tsinken ta ɗiga, ta tsoma ta ɗiga. Na farko sun fito kamar kashin ƙuda, yanzu sun fara zagaye. A nan rashin fitar tasu ya yi rana, har na ɗinka guda shida a rigar wata, ta ce ina na samo maɓalli masu kyau haka.

In hannun ya yi abin nunawa zan turo miki hoto ta waya. "Zan duba" ɗin nan taki kuma ban isar wa Umma ba, na ce kina hanya.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma hankalin kowa ya kwanta. Ki ba maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu haƙuri a madadina, na tayar mata da hankali a banza. Ke ma ki yi haƙuri da tsawar da na yi miki a waya.

Bari in faɗa miki yadda abin ya kasance a nan. Ina tsakiyar aiki hoton ya shigo. Na buɗe na ga hannun Umma a kan matashi, ɗakin ba haske sosai, farcenta duk shuɗi. Auta, a aikinmu in farcen mara lafiya ya yi shuɗi, iska ce ba ta isa jininsa, gudu ake yi. Kin rubuta mini kun sayi ruwan bula, na karanta da idona, amma wallahi a lokacin kaina bai kawo ba. Sau goma sha tara na kira ki ba ki ɗauka ba. Shi ne na kira Maman 'Yan Biyu na ce ta nemo mota, Umma ba ta numfashi.

Akwai dalilin da ya sa na ruɗe haka, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da ciwon ya same ta, da safe ta kira ni. Maganarta na jan ƙafa, kalma na hawa kan kalma. Na ce, "Umma, barci ne bai sake ki ba, ina kan aiki, zan kira ki anjima," na kashe. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata cewa in magana ta canza kar a jira ko minti ɗaya. Sai bayan awa uku kika tsince ta a ƙasa. Awa ukun nan su ne hannunta, Auta. Satin da na yi da ku a asibiti ban iya kallon hannun ba. Aiki na da yawa, gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni zuwa ba. In hannun nan ya ƙage, ni na ƙagar da shi, kuma ban san da wane ido zan zauna a gabanta ba.

Kar ki nuna mata wannan takardar.

Roƙo ɗaya nake yi. Ku riƙa barin farce ɗaya ba shafi, manuniyar hagu. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa a asibiti don auna iskar jini, launi mai duhu na iya ruɗa shi. Kuma in kin turo hoto zan ga farcenta na gaskiya, in samu in yi numfashi.

Na gode da duk abin da kike yi. Abin da na kasa da karatuna kin yi shi da tsohuwar kwalba.

Yayarki

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai tarin yawa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, sati uku ke nan, za ki ga dalili a ƙasa.

Bari in fara da na dariya. Kin san me ya hana ni ɗaukar waya ranar? Ina tura miki hoton na ajiye wayar a ɗakin ɗinki, sai Umma ta ce in kawo hannuna. Karo na farko ke nan da ta shafa wa wani. Goma cif ta yi mini, tana cije leɓe, ni kuma ina ta haɗiye hawaye. Waya ta hau kuka, na yunƙura, ta ce, "Ki taɓa wayar nan kafin ya bushe, ni da ke ne." Haka na zauna da yatsu a baje ina hura su. Sai ga Maman 'Yan Biyu ta faɗo da takalmi ƙafa ɗaya tana salati, mai tasi na biye da ita. Ta tarar da wadda aka ce ba ta numfashi tana yi mini faɗan na motsa ɗan ƙaramin yatsa. Maman 'Yan Biyu ba ta bar gidan nan ba sai da aka yi mata ruwan hoda. Ta ce in gaya miki ba komai, ko gobe ki kira ta za ta sake fitowa da gudu. Irin wannan maƙwabciya sai godiya.

Maganarki kuwa, Yaya, na karanta na rasa inda zan sa kaina. Wata biyar kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ni ina gidan fa a ranar, bango ɗaya ne tsakaninmu, keke na ta ƙara ban ji komai ba. In laifi za a raba, ki miƙo nawa kason. Amma ni ban ga amfanin rabon ba, hannu ake nema ya tashi, kuma yana tashi.

Ba kullum ba dai. Kin yi gaskiya, akwai ranar da rawa ta kama shi, ta kifar da farar kwalbar, rabi ya zube a kan tire. Ta mai da hannun ƙarƙashin mayafi, kwana biyu ba ta ko kalli taga ba. Na tsorata ƙwarai. A na uku na shafa mata dama na yi tafiyata, ina leƙe ta labule. Ta daɗe a zaune, ta yi tsaki, ta jawo kwalba. Yanzu har fure take yi: ɗigo biyar farare a zagaye, ja ɗaya a tsakiya. Malama Matse-Saki ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya ta ce ba alamar ƙagewa. Ta ce ba ta yi alkawarin allura ba, amma cokali da biro suna nan tafe.

Farcen da kika ce a bari, mun bari. Na ɗauka za a yi yaƙi, matar da ba ta yarda da rabin aiki. Da na ce ke kika roƙa, ta dubi manuniyar ta daɗe, ta ce, "Bar mata shi." Tun daga ranar, farce tara ake shafawa, sunansa ma yatsan Yaya. Ban taɓa ganin Umma ta haƙura da abin da bai daidaita ba sai a kanki.

Yanzu ki yafe mini. Takardarki a gwangwanin maɓallai na ɓoye ta, don a kaina har yanzu Umma ba ta buɗe gwangwani. Na manta wa ke shafa maɓallan, kuma da wane hannu take buɗewa. Ta karanta. Washegari sai ta ce in ba ta biro mai kauri in naɗe shi da roba. Kwana tara tana abu ɗaya, layi biyu a rana, ta yaga uku. Ga shi nan a ninke cikin tawa. Ban karanta ba, ta ce in na buɗe za ta sani.

Allah ya bar mana ke.

Taki,
Auta

Yayar Auta,

Ina gaishe ki. Da hannun dama na rubuta, kar ki dubi karkatar layi.

Na ga takardarki. Ranar nan ni ma na ɗauka barci ne. Ni mai bakin ban gane ba, bare ke da ke nesa. Ba ki da laifi a wurina, ki ajiye wannan magana.

Na gode da magani. Na gode da kwalabenki masu launin bango, sun yi wa maɓalli kyau.

Yatsanki na nan ba shafi. Kullum ina kallon sa, ya ishe ni haka.

An ce an hana ku jan farce a wurin aiki. To ki ɗauki hutu. Ki kawo mini farcenki goma, duka zan shafe, ba zan bar wa kowa ko ɗaya ba. Ja na zaɓa miki.

Allah ya yi miki albarka. Hannu ya gaji.

Ummanku